Farfesa Yemi Osinbajo da ikon da ke zuwa cikin wasiƙa

Ranar Talata 7 ga Agusta, 2018, gari na wayewa ma'aikatan Majalisar Tarayya da wasu 'yan majalisa suka iske ƙofa a datse. Jami'an DSS ne suka ja daga a bakin get, fuskoki a rufe da baƙin ƙyalle, ido kawai ake gani, kowa da bindigarsa. Majalisa tana hutu a lokacin, amma mako guda ke nan da Bukola Saraki ya bar APC ya koma PDP, kuma raɗe-raɗi ya cika Abuja cewa ana shirin shigo da wasu sanatoci su tuɓe shi daga shugabancin Majalisar Dattawa. Duk wanda ya kalli talabijin a safiyar nan zai tuna 'yar majalisar nan daga jihar Ribas, Boma Goodhead, da ta tsaya gaban masu bindigar tana ɗaga murya, tana cewa in sun isa su harbe ta. Shugaba Muhammadu Buhari yana Landan, ya tafi hutun kwana goma. Kafin rana ta faɗi sanarwa ta fito daga fada: muƙaddashin shugaban ƙasa, Farfesa Yemi Osinbajo, ya sallami shugaban DSS, Lawal Musa Daura, nan take.

Mu a Arewa mun fi kowa sanin nauyin abin da ya taɓa. Lawal Daura ɗan garin su Buhari ne, kuma yana cikin 'yan tsirarun da ake cewa su ke juya akalar gwamnati a bayan fage. Osinbajo ya kira tsare ƙofar majalisa da take tsarin mulki, kuma a doka yana da cikakken ikon yin abin da ya yi. Jaridun Kudu suka yi ta yabo, 'yan adawa ma suka jinjina masa. Sai dai daga wannan hutun har Buhari ya sauka a 2023, bai sake barin masa ragamar ƙasa ba ko na kwana ɗaya.

Abin da ya ja ni ga wannan lamari shi ne, duk ikon da Osinbajo ya taɓa riƙewa a rayuwarsa ta siyasa, takarda ce ta kawo masa shi, kuma wani ne ya sa hannu a takardar. Ya iya aiki da irin wannan iko fiye da kusan duk wanda ya riƙe kujerar mataimaki a Najeriya. Ranar da ya fito neman nasa na kansa, sai ya zo na uku.

An haife shi a Legas ranar 8 ga Maris, 1957, asalin gidansu kuwa Ikenne ne a jihar Ogun, garin Obafemi Awolowo. Jikar Awolowo ɗin ma ya aura, Dolapo, a 1989. Ya yi sakandare a Igbobi da ke Yaba, ya gama digirin shari'a a Jami'ar Legas a 1978, ya zama lauya a 1979, ya ƙaro digiri na biyu a makarantar LSE ta Landan. A 1981 ya fara koyarwa a Jami'ar Legas yana ɗan shekara 24. Fannin da aka fi saninsa da shi shi ne dokar shaida, wato ɓangaren shari'ar da ke tantance abin da alƙali zai karɓa a matsayin hujja da abin da zai yi watsi da shi: wace takarda ce ke shiga kotu, wane mai shaida za a saurara, kuma a kan wa nauyin kawo hujja yake. Mutumin da ya shekara da shekaru yana koyar da wannan, tunaninsa kan tafi ne a kan cewa in ka jera hujjojinka daidai, wanda ke saurare zai gamsu. Wannan ɗabi'a ta bi shi har dandalin Eagle Square na Abuja, inda APC ta yi zaɓen fidda gwaninta na 2022.

Daga 1988 ya yi wa ministan shari'a na gwamnatin Babangida, Bola Ajibola, mai ba da shawara. Ya yi aiki da Majalisar Ɗinkin Duniya a Somaliya, ya dawo jami'a, zuwa 1997 yana farfesa kuma shugaban sashen da ke koyar da dokokin mulki da hukuma. Fasto ne kuma a cocin Redeemed, abin da daga baya ya zame masa tsani a wani wuri, ya zame masa tarnaƙi a wani.

A 1999 Bola Tinubu ya ci gwamnan Legas ya ɗauko shi ya ba shi kwamishinan shari'a kuma Antoni Janar na jiha, ya riƙe kujerar shekara takwas cur. A nan ya yi suna. Ya buɗe ofishin lauyoyin gwamnati masu tsaya wa talakan da ba shi da kuɗin ɗaukar lauya, da cibiyar sasanta rigingimu ba tare da an je gaban alƙali ba, inda mai gida da ɗan haya ko mai bashi da wanda ake bi za su zauna a raba su kyauta. A zamaninsa aka sake dokokin tafiyar da ƙararraki a babbar kotun jihar a 2004, don lauya ya ajiye duk takardunsa da bayanan shaidunsa tun ranar shigar da ƙara, a rage ɗage-ɗagen da ke sa shari'a ta shekara goma. Jihohi da dama sun kwaikwayi tsarin daga baya. A 2002 ya samu lambar SAN ta manyan lauyoyi.

Amma shari'ar da ta fi nuna ko wane ne shi, ita ce ta kuɗin ƙananan hukumomi. Legas tana da ƙananan hukumomi 20 a tsarin mulki, gwamnatin Tinubu ta ƙirƙiro wasu 37, suka zama 57. A 2004 Shugaba Olusegun Obasanjo ya ba da umarnin a riƙe kason ƙananan hukumomin jihohin da suka yi irin wannan ƙari. Legas ta garzaya Kotun Ƙoli, Osinbajo ne ya ja tawagar lauyoyinta. A Disamban 2004 kotu ta yanke hukunci mai baki biyu: shugaban ƙasa ba shi da ikon riƙe kuɗin, su kuma sababbin ƙananan hukumomin ba su gama zama halastattu ba sai Majalisar Tarayya ta shigar da sunayensu cikin tsarin mulki. Legas ta ce ta yi nasara. Obasanjo ya kama ɗaya bakin hukuncin ya ci gaba da riƙe kuɗi. Sai a 2007, bayan Umaru Musa 'Yar'adua ya hau mulki, aka saki abin da ya rage, sama da naira biliyan 10. Katsina da 'Yar'adua ya yi wa gwamna tana cikin jihohin da umarnin Obasanjo ya shafa tun farko, don haka ya san zafin abin.

Darasi biyu ke cikin wannan shari'a, kuma ina ganin mutanen biyu kowa ya ɗauki nasa. Lauya ya ga cewa doka na iya taka wa shugaban ƙasa burki. Gwamna ya ga cewa hukuncin Kotun Ƙoli na hannunka amma asusu wayam, har sai wanda ke kan kujera ya canza. Tinubu ya koma ya duƙufa tara harajin cikin gida da gina mutane, yana dasa su a majalisu da gidajen gwamnati. Osinbajo ya koma aji da ofishin lauyoyinsa na SimmonsCooper.

Har zuwa ƙarshen 2014 bai taɓa tsayawa takarar ko kansila ba. Ya dai sa hannu wajen rubuta manufofin APC bayan an kafa ta a 2013. A Disamban 2014 Buhari ya lashe zaɓen fidda gwani a filin wasa na Teslim Balogun da ke Legas da ƙuri'a 3,430, Kwankwaso ya samu 974, Atiku 954. Sai maganar mataimaki. Kujerar ta ɓangaren Tinubu ce bisa yadda aka haɗa jam'iyyar, kuma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa sunan Tinubu da kansa ya shigo maganar. Manyan jam'iyya da yawa suka ce Musulmi biyu a tikiti ɗaya ba zai yiwu ba, ga PDP na yawo da zancen cewa Buhari mai tsattsauran ra'ayin addini ne. Ana neman Bayarbe, Kirista, wanda ba shi da tabo, kuma wanda ba zai tsone wa kowa ido ba. Ranar 17 ga Disamba aka sanar da Osinbajo. A Kano da Sakkwato mutane da yawa ranar suka fara jin sunan, har ana ta fama da yadda za a furta shi.

Ya yi kamfe irin nasa: tarukan tattaunawa a zaure, shiga motar haya ta BRT a Legas yana yi wa fasinjoji bayani, amsa tambayoyin da Buhari ba ya son tsayawa amsawa. Ranar 28 ga Maris, 2015, tikitin ya samu ƙuri'a kusan miliyan 15 da dubu 400, Jonathan kusan miliyan 12 da dubu 850. Kowa ya san ƙuri'un Arewa na Buhari ne, na Kudu maso Yamma kuwa injin Tinubu ne ya kawo su. Aikin farfesa shi ne ya kwantar da hankalin masu tsoro, kuma ya yi.

Kujerar mataimakin shugaban ƙasa a tsarin mulkin 1999 kujera ce mai faɗi amma babu abin zama sosai a cikinta. Shi ke shugabantar Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa, inda gwamnoni 36 da gwamnan Babban Banki ke zama, sai dai majalisar shawara kawai take bayarwa. Sauran ayyuka, sashe na 148 ya bar wa shugaban ƙasa ya ba shi abin da ya ga dama. Buhari a zangon farko ya ba shi da yawa: kwamitin kula da tattalin arziki, da shirye-shiryen tallafi irin su N-Power mai biyan matasa naira 30,000 a wata, ciyar da 'yan firamare, da naira 5,000 a wata ga gidaje matalauta.

Sai kuma sashe na 145, wanda tarihinsa namu ne. A Nuwamban 2009 'Yar'adua ya tafi jinya Saudiyya bai bar wasiƙa ba, ƙasa ta zauna wata biyu da rabi babu mai sa hannu, har sai da majalisa ta nemo dabarar larura ta ɗora Goodluck Jonathan a Fabrairun 2010. Saboda haka aka gyara sashen: in shugaba zai tafi hutu ko ya kasa aiki, ya aika wasiƙa ga shugabannin majalisun biyu, mataimaki ya zama muƙaddashi, in kuma ya yi kwana 21 bai aika ba, majalisa na iya ɗora mataimakin da ƙuduri. Buhari, a yi masa adalci, ya bi wannan doka a farko. Ya aika wasiƙa a Fabrairu da Yuni na 2016, sannan ranar 19 ga Janairu, 2017 ya tafi Landan bai dawo ba sai 10 ga Maris. Ya sake tafiya 7 ga Mayu, ya dawo 19 ga Agusta. In ka haɗa, a shekarar 2017 kaɗai Osinbajo ya riƙe Najeriya kusan wata biyar.

A waɗannan watanni aka ga farfesa da alƙalami a hannu. Buhari ya bar Walter Onnoghen a matsayin alƙalin alƙalai na riƙo tun Nuwamban 2016, wa'adin wata uku na gab da cika, Kudu ta fara ƙorafin cewa ba a son ɗan Kudu a kujerar. Osinbajo ya aika sunansa Majalisar Dattawa, ya rantsar da shi ranar 7 ga Maris. Ya zagaya jihohin Neja Delta yana zama da sarakuna da matasa a lokacin da fasa bututun mai ya durƙusar da abin da ƙasa ke haƙowa, hare-haren suka lafa. A watan Fabrairu dala ta haura naira 500 a kasuwar bayan fage. Majalisar da yake shugabanta ta nemi Babban Banki ya sake duba tsarinsa, banki ya fara sakin dala, cikin 'yan makonni ta sauko ƙasa da 400. Masana na iya gardama a kan nawa ne nasa a ciki, nawa ne na farashin mai da ya ɗan farfaɗo, amma 'yan canji a Wapa ta Kano da Zone 4 ta Abuja sunansa suke kira. Shi ya sa hannu a kasafin 2017 na naira tiriliyan 7.44 ranar 12 ga Yuni.

A watan Yunin ne kuma gamayyar wasu ƙungiyoyin matasan Arewa suka taru a Kaduna suka ba 'yan ƙabilar Ibo wa'adin 1 ga Oktoba su bar Arewa, martani ga tashin Nnamdi Kanu da IPOB. Abu ne da zai iya zama wuta. Osinbajo ya yi ta kiran taro a fada rukuni-rukuni: dattawan Arewa yau, na Kudu maso Gabas gobe, sarakunan kowane ɓangare, sannan gwamnoni. A kowane zama maganarsa ɗaya ce, cewa tsarin mulki ya ba kowane ɗan ƙasa damar zama inda ya so, kuma ƙasar ba ta rabuwa. A ƙarshen Agusta matasan suka janye wa'adin, bayan gwamnonin Arewa sun sa baki. A ganina wannan ne aikinsa mafi girma, ko da yake ba shi ake yawan tunawa ba.

Akwai wani ɗan abu da ya faru a watan Mayu wanda ya nuna yadda wasu a fada suke kallon lamarin. Wasiƙar da aka karanta a Majalisar Dattawa ba ta kira shi muƙaddashi ba, cewa ta yi zai riƙa daidaita ayyukan gwamnati. Wani sanata ya tashi ya yi tambaya a kai. Majalisa ta ce tunda wasiƙar ta ambaci sashe na 145, muƙaddashi ne ko an rubuta ko ba a rubuta ba. Doka ta tsaya masa a ranar. Amma wanda ya tsara kalmomin wasiƙar ya san abin da yake yi.

Ba ko'ina iliminsa ya yi kyau ba. Majalisar Dattawa ta ƙi tabbatar da Ibrahim Magu a shugabancin EFCC har sau biyu, a Disamban 2016 da Maris ɗin 2017. Osinbajo ya fito da fassarar cewa bisa sashe na 171 ba a ma buƙatar amincewar majalisa, alhali dokar da ta kafa EFCC ta ce ana buƙata, kuma gwamnatin da kanta ce ta aika sunan sau biyu. Wannan hujja ce irin ta lauyan da ke kare wanda ya ɗauke shi aiki. Magu ya ci gaba da zama a matsayin riƙo har 2020, lokacin da gwamnatin da ta nace a kansa ta dakatar da shi. Haka shirin TraderMoni na 2018, bashin naira 10,000 ga masu ƙananan sana'o'i: ana saura 'yan watanni zaɓe, ga mataimakin shugaban ƙasa yana ratsa kasuwanni da 'yar hularsa, yana tsayawa gaban tiren mai tumatir da mai barkono ana ɗaukar hoto. 'Yan adawa suka ce sayen ƙuri'a ne da kuɗin gwamnati. Ya musanta, ya ce majalisa ce ta amince da kuɗin a kasafi. Halas ne a takarda. Lokacin da aka zaɓa kuwa, da wani ne ya yi, da farfesan dokar shaida zai iya tsayawa gaban aji ya nuna musu abin da yake nufi.

Bayan korar Lawal Daura, Osinbajo ya ɗora Matthew Seiyefa, ɗan Bayelsa, wanda ya fi kowa girman muƙami a hukumar, ya kuma ba da umarnin a yi wa rundunar 'yan sanda ta SARS garambawul. Buhari ya dawo, a Satumba ya naɗa Yusuf Magaji Bichi. Aka shiga zaɓen 2019 tare. Ranar 2 ga Fabrairu jirgin Osinbajo mai saukar ungulu ya faɗi a Kabba ta jihar Kogi, Allah ya tsare, ya fito ya ci gaba da kamfe a ranar. Suka ci zaɓe da ƙuri'a miliyan 15 da 'yan kai a kan miliyan 11 da 'yan kai na Atiku, duk da cewa a rumfar da Osinbajo ya kaɗa ƙuri'a a Legas PDP ce ta yi rinjaye.

Daga nan aka fara zare masa fuka-fukai ɗaya bayan ɗaya, ba tare da hayaniya ba. A Afrilun 2019 Buhari ya tafi Landan kwana goma babu wasiƙa. A Satumba aka kafa sabuwar majalisar ba da shawara kan tattalin arziki ƙarƙashin Doyin Salami, mai kai rahoto kai-tsaye ga shugaban ƙasa, ta maye gurbin kwamitin da mataimaki ke jagoranta. Shirye-shiryen tallafi aka mayar da su sabuwar ma'aikatar jinƙai ta Sadiya Umar Farouq. A Nuwamba Buhari yana Landan kuma, shugaban ma'aikatan fada Abba Kyari ya ɗauki ƙudurin dokar rijiyoyin mai na cikin teku ya kai masa can ya sa hannu, aka watsa hoton. A makon ne aka sallami hadimai 35 daga ofishin mataimaki. Fada ta ce shugaba na iya mulki daga ko'ina, kuma muddin tafiya ba ta kai kwana 21 ba, babu wanda zai tilasta wasiƙa. Lauyoyi sun yi ta jayayya a kan wannan fassara. Osinbajo, babban lauyan da abin ya shafa, bai ce uffan ba a bainar jama'a, ya ci gaba da wakiltar Buhari a jana'iza da bukukuwa da tarukan ƙasashen waje, yana kiransa mutum mai gaskiya.

Ranar 11 ga Afrilu, 2022 Osinbajo ya saki bidiyo yana bayyana takarar shugaban ƙasa. Hujjarsa a jere take: shekara bakwai yana mataimaki, ya riƙe ƙasa sau da dama, ya shiga kowace jiha, ya san inda aikin ya tsaya. Tinubu kuwa tun Janairu ya je fada ya shaida wa Buhari cewa burin rayuwarsa ke nan. Da 'yan jarida suka tambaye shi game da "ɗansa" da ya fito, ya ce ba shi da ɗan da ya yi girman da zai fito takara. A ƙasar Yarbawa maganar cin amana ta tashi, kuma ta yi tasiri. Magoya bayan Osinbajo suka ce aiki aka ɗauke shi ya yi, ba bauta ba. A siyasar Najeriya, daga Legas har Kano, mun san yadda ake kallon wanda ya ci ladan kuturu.

A Arewa kuma wata matsalar ce daban. A farkon shekarar cocin Redeemed ya buɗe sashen harkokin siyasa, mutane suka fassara shi da shirin tsayar da fastonsu. Wasu marubuta suka zarge shi da cika ofishinsa da 'yan cocinsu. Ofishin ya mayar da martani da sunayen Musulmin da ke aiki da shi, ciki har da mataimakin shugaban ma'aikata Ade Ipaye. Makiyaya ba su manta cewa a 2019, da rigimar Ruga ta tashi, ofishinsa ya yi sauri ya ce shirin ba ya cikin tsarin kiwon da yake jagoranta ba. Ga kuma masu tuna Lawal Daura. Makarantar marayun da ya assasa a Maiduguri da zagayen kasuwanni sun sa talaka ya san fuskarsa, sai dai talaka ba ya zaɓen fidda gwani.

Nan ne kuma doka ta yi masa abin da ba a zata ba. Sabuwar Dokar Zaɓe ta 2022, a sashe na 84(8), ta ce wakilan da aka zaɓa musamman don taron fidda gwani su kaɗai za su kaɗa ƙuri'a. Wannan ya fitar da duk daliget na dindindin: 'yan majalisa na yanzu da na da, shugabannin ƙananan hukumomi, tsofaffin gwamnoni, har shugaban ƙasa da mataimakinsa. Majalisa ta farga ta yi gyara cikin gaggawa a watan Mayu, Buhari bai sa hannu ba. Aka koma daliget uku daga kowace ƙaramar hukuma 774, mutum dubu biyu da ɗari uku da 'yan kai. Su wa ke rubuta sunayen mutum ukun nan? Gwamna, ko jagoran jam'iyya a jihar da babu gwamna. Osinbajo ya sayi fom na naira miliyan 100, ya zagaya jihohi yana zama da daliget sa'o'i, suna tambaya yana amsawa kamar a aji. Da yawansu sun fito suna yaba kaifin basirarsa. Umarni kuwa daga gidan gwamnati suke jira.

Abin da ya rage masa shi ne Buhari ya ɗaga hannunsa, wato wata wasiƙar. Ba ta zo ba. Ranar 2 ga Yuni Tinubu ya tsaya a Abeokuta, babban birnin jihar su Osinbajo, ya yi jawabin nan da Yarbanci da ya ce layi ya zo kansa, ya lissafa waɗanda ya ɗora, har da Buhari da Osinbajo. Kashim Shettima ya shiga talabijin ya ce farfesa mutumin kirki ne, amma mutanen kirki gugguru da askirim ya kamata su sayar. Daga baya ya nemi afuwa. Gwamnonin APC na Arewa suka fito suka ce mulki ya koma Kudu. Ranar 6 ga Yuni shugaban jam'iyya Abdullahi Adamu ya ce Ahmad Lawan ne ɗan takarar maslaha, gwamnonin suka ce ba da su ba, fada ta ce Buhari bai zaɓi kowa ba.

Daren 7 ga Yuni na kalli taron fidda gwanin APC a wurin mai shayin unguwarmu, ƙaramar talabijin a kan benci, janareta na ƙara a bayan shago. 'Yan takara suka riƙa hawa mumbari ɗaya bayan ɗaya: Akpabio ya janye wa Tinubu, Amosun, Fayemi, Dimeji Bankole, har Badaru na Jigawa. Mutum bakwai. Wanda ya janye wa Osinbajo mutum ɗaya ne, Nicholas Felix, wani matashin fasto da yawancinmu ba mu taɓa jin sunansa ba. Da farfesa ya hau, wurin ya yi tsit, don gaskiya jawabinsa ya fi na kowa tsari a daren. Wani matashi da ya ci N-Power yana ta gyaɗa kai. Mai shayi bai ko ɗago daga kaskon ƙwai ba. Ra'ayinsa shi ne an gama zaɓen tun a ɗakunan otal, wannan karatu ne kawai.

Washegari Laraba aka zazzage akwatuna ana kiran suna da ƙarfi, takarda bayan takarda. Tinubu 1,271. Rotimi Amaechi 316. Osinbajo 235. Ahmad Lawan 152.

Zuwan Amaechi na biyu shi ya fi bayyana lamarin. Ba wanda zai ce ya fi Osinbajo iya magana ko farin jini a jarida. Amma ya yi kakakin majalisar jiha shekara takwas, gwamna kusan shekara takwas, ya shugabanci ƙungiyar gwamnoni, ya ja ragamar kamfen ɗin Buhari sau biyu, ya shimfiɗa layin dogo, har Sarkin Daura ya naɗa shi Ɗan Amanar Daura a farkon 2022. Yana da mutanen da ya yi wa rana. Osinbajo shekara 15 ya yi a manyan kujeru, takwas a Legas, bakwai a Abuja, ba tare da jam'iyyar ko jiha ɗaya tana hannunsa ba. Legas ta Tinubu ce. A Ogun bai taɓa yin siyasa ba. Gwamnonin da ya shekara bakwai yana jagorantar zamansu kowane wata sun san shi, suna girmama shi, amma da suka zo lissafin wanda zai iya kayar da Atiku, wanda PDP ta tsayar kwana goma kafin nan, da wanda zai tuna da su bayan an ci, sai suka nufi wanda ya riga kowa kwana.

Zan iya cewa kuskurensa ne da bai gina mutane ba, sai dai ban tabbata hanya a buɗe take ba. Abin da ya sa aka ɗauko shi a 2014 shi ne ba shi da rundunar da za ta tsorata Buhari ko Tinubu. Da ya fara tara ta tun 2016, da wuya a bar masa ƙasa wata biyar a 2017, kuma Atiku ya riga ya nuna a zamanin Obasanjo abin da ke samun mataimakin da ya yi ƙarfi. Sau ɗaya ya yi amfani da wasiƙar har iyakarta, ya kori wanda ba a korarsa, aka daina rubuta masa. Su kuma 235 ɗin nan ba ƙaramin abu ba ne ga mutumin da ba shi da rundunar siyasa ta kansa; sun fi na shugaban Majalisar Dattawa mai ci wanda shugaban jam'iyya ya tsaya wa.

Wata guda bayan zaɓen ya kwanta a wani asibiti a Ikeja aka yi masa tiyata a ƙafa, mutane suka yi ta kwatanta hakan da tafiye-tafiyen maigidansa zuwa Landan. Sunansa bai fito a kwamitin kamfen ɗin Tinubu da Shettima ba. Jam'iyya ta ce Buhari ne ya ce a bar shi ya kula da aikin gwamnati. Ranar 29 ga Mayu, 2023 ya miƙa ofis ga Kashim Shettima, mutumin da ya ce ya je ya sayar da askirim. A watan Yuni ƙungiyar ƙasashe rainon Ingila ta ba shi jagorancin tawagar masu sa ido a zaɓen Saliyo, ya tafi Freetown duba yadda wasu ke ƙirga ƙuri'a.